Alkamar Arba'in Ta Nikula

Washegarin ruwan farko na shekara, Nikula ya hau rufin ɗakinsa da dutsen daɓe, kamar yadda kowane magidanci a ƙauyen Ain Sindiyan yake yi, don ya danne ƙasar rufin kafin ta soma yoyo. Dutsen ya kuɓuce a bakin rufi. Maimakon tsohon ya sake shi, sai ya ƙanƙame. Tare suka sauko.

'Yarsa Nabiha tana ciki tana zubar da kwanonin da suka tari ɗigon ruwa. Ta fito a guje ta same shi kwance, idonsa biyu, bakinsa yana motsi amma ba abin da ke fitowa. Aka ruga kiran Abuna Basil, limamin cocinsu na Katolika. Kafin ya hawo tudun da man shafa wa mai mutuwa a hannu, rai ya yi halinsa.

Ba mutuwar ce ta dami Nabiha ba, kowa ma can zai tafi. Abin da ya hana ta sakat shi ne ubanta ya tafi bai furta zunubinsa ba. Tun shekarun yunwa bai ƙara durƙusawa gaban limami ba. Kowace Lahadi yakan je coci ya tsaya a bayan kowa, jikin ƙofa, hula a hannu. Idan aka tashi karɓar jibin Ubangiji sai ya sunkuyar da kai har a gama. Duk ƙauyen sun san dalili, ba dai mai faɗa.

A lokacin babban yaƙi fara ta sauka a kan duwatsun Lubnan ta cinye har ɓawon itace, sojojin Turkawa kuma suka tare hanyar hatsi. Mutane suna tafiya suna faɗuwa a bakin hanya. Nikula yana da alfadarai, ya san hanyoyin da soja bai sani ba, saboda haka akwai alkama binne a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa. Ƙanwarsa Hanne, wadda mijinta bai daɗe da tafiya Amurka ba aka daina jin ɗuriyarsa, ta zo ƙofar da 'ya'yanta uku. Ta ƙwanƙwasa tun hantsi har rana ta karkata. Bai buɗe ba. Nabiha tana ƙarama a lokacin, tana zaune a cinyar uwarta, uwar ta toshe mata kunnuwa da tafin hannu. Tafin hannun bai toshe komai ba.

Yaran ba su ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Ita Hanne 'yan mishan suka tsince ta a bakin hanya, suka kai ta inda suke raba miya. Ta rayu, ta zauna da su, ta zama Furotesta. Yanzu tana ƙasan gari, kusa da ɗan ɗakin sujadarsu wanda ba ƙararrawa ba hoto. Ranar da aka binne yayanta ba ta zo ba.

Ba a rufa mako da jana'izar ba abin ya soma. Da tsakar rana ne, lokacin da maza suna gonakin zaitun, ƙauyen ya yi tsit sai kukan kurciya. Nabiha tana tsintar ƙazamta daga cikin wake, ta ji an taɓa ƙofa. Ba bugu ba ne, kamar dai wanda ba shi da ƙarfi ya jingina hannu ya bar shi ya zame. Sai murya, a dishe, daga ƙasa-ƙasa:

"Yunwa. Yunwa nake ji."

Ta san muryar. Ita ce ta tashe ta kowace safiya tun tana yarinya. Ta miƙe, waken ya watse, ta buɗe ƙofar. Ba kowa. Rana ce kawai a kan dakali, ga dutsen daɓe a yashe inda ya faɗo, don har yau ba wanda ya yarda ya ɗaga shi.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Kullum da tsakar rana, kullum in tana ita kaɗai.

Da ta gaya wa mijinta Mitri, yana cire takalmi, sai ya ɗago ya dube ta.

"Surukina? Yunwa? Mutumin da ya cinye rabin tunkiya ranar bikinmu, ya ce a ɗumama masa sauran da safe?"

"Mitri, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, ni na sayi tunkiyar. Akuyar maƙwabciyarmu Umm Fahad ce take sosa ƙaho a jikin ƙofa. Ki bari in kama ta, sai mu yi arba'in ɗin da ita."

"Akuya tana magana?"

"Ta Umm Fahad? In ba ta yi ba ai ba ta gaji uwargijiyarta ba."

Ya jira ta yi dariya. Da ya ga hawaye sai ya ajiye takalmin, ya matso ya zauna kusa da ita.

"To na ji. Ki je ki ga Abuna. Shi ne ya san unguwannin can, ni iyakata garin Zahle."

Ta sami Abuna Basil a kan tsani cikin itacen zaitun, ya tattare baƙar rigarsa ya soke a ɗamara, gemunsa duk ganye. Ya sauko yana nishi, ya ba ta hannu ta sumbata, suka zauna a kan katangar dutse. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin maganar ta fito. Bai yi dariya ba.

"Abuna, ina Baba yake?"

"Ni limami ne, 'yata, ba mai gadin ƙofar sama ba." Ya share gumi. "Ga abin da na sani. Akwai wanda yake mutuwa da babban zunubi, zuciyarsa a bushe, bai ce wayyo ba. Wannan ko duk alkamar ƙasar Hauran aka dafa masa, ba ta isa inda yake. Akwai kuma wanda ya tuba, ko da a numfashin ƙarshe ne, amma tsatsar tana jikinsa. Shi ake kaiwa wurin tsarkakewa. Kin ga yadda mai gyaran tukwane yake ɗora tukunyar tagulla a wuta kafin ya shafa mata fari? Ba don ya ƙi ta ba ne. To wannan wutar tana da ranar mutuwa, kuma addu'ar masu rai tana rage ta."

"Shi a wanne yake?"

"Kin ce bakinsa yana motsi."

"Ba abin da ya fito."

"Bai fito wurinki ba. Kin san da wa yake magana?" Ya ɗauki ƙwayar zaitun ya juya ta a hannu. "Ni ban ce shi ne yake zuwa ba, kada ki je ki ce Abuna ya ce. Amma in har shi ne, ai mai roƙo bai yanke ƙauna ba. Ki dafa alkamar arba'in ɗinsa, ki dafa da yawa. Kuma ki cika kwano ki kai wa Hanne da hannunki."

"Goggo ba za ta ci ba."

"Su Furotesta ba su da baki ne? Limamai ne kawai suka rasa." Ya yi murmushi, murmushin ya gushe. "Hakkin Allah, Allah ke yafewa. Na Hanne kuwa yana hannun Hanne."

Al'adar ke nan tun kaka da kakanni. Ranar arba'in ana kawo dafaffiyar alkama coci, limami ya sa mata albarka, a raba a bakin ƙofa. Duk wanda ya kai cokali bakinsa sai ya ce, Allah ya ji ƙansa. Tsofaffi sukan ce kowace kalma ɗigon ruwa ce a kan wutar mamacin. Tun daga kan katangar nan Nabiha ta ƙudurta a ranta cewa ko duk Ain Sindiyan sun faɗa, ɗigo ne. In Goggo Hanne ta faɗa sau ɗaya, tulu ne. Sai ta faɗa sannan muryar za ta daina zuwa.

Amma da wane ido za ta je? Tana wankin alkamar ne dabarar ta faɗo mata. Tufik, Warde da Sim'an, 'ya'yan Goggo, ba wanda ya taɓa dafa musu ko tafi ɗaya. A shekarar da suka mutu ba alkamar, ba mai ƙarfin buga ƙararrawa, ko kabarinsu ba a sani ba. Ta ce a ranta, zan sa Abuna ya kira sunayensu tare da na Baba. In Goggo ta ji an tuna da nata, zuciyarta za ta yi laushi.

Abuna Basil ya amince nan take, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi ya yi wa dukansu uku baftisma, kuma abin kunya ne a ce sai yau. Mitri ne kawai ya ɗan sosa ƙeya.

"Kin tambaye ta?"

"Ana tambayar uwa kafin a yi wa 'ya'yanta addu'a?"

"Uwa irin tamu, a'a. Waccan kuwa, ni ko gaisuwa sai na yi alamar gicciye kafin in miƙa mata."

Ta dafa alkamar har ta tsage, ta baza a kan farin ƙyalle ta sha iska. Ta zuba zabibi da 'ya'yan rumman da ruwan fure, ta tara a babban faranti, ta lulluɓe da garin sukari ya yi fari fat kamar kan dutse a watan sanyi, ta zana gicciye a tsakiya. Ranar ma da tsakar rana an taɓa ƙofar. Ba ta tashi ba. Ta ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Baba, gobe ne."

Cocin ya cika. Hayaƙin lubban ya tokare rufi. Abuna ya tsaya gaban farantin ya rera addu'ar matattu, ya kira sunan bawan Allah Nikula. Sai ya ja numfashi ya ƙara: da bayin Allah Tufik, da Warde, da Sim'an. Aka ji wata tsohuwa ta ce "Wayyo Budurwa Maryamu!" Ɓangaren mata ya ɗauki kuka. Har mazan da suka ga shekarun nan suka sunkuyar da kai, don kusan kowa yana da ƙofar da bai buɗe ba. A bakin coci aka yi ta karɓa ana cewa Allah ya ji ƙansu. Nabiha ta ji zuciyarta ta yi sanyi irin wanda ta manta da shi. Ta cika kwanon tangaran, ta soka cokali, ta rufe da ƙyalle, ta kama gangara.

Ta tarar da Goggo Hanne zaune a bakin ƙofarta tana ƙulla tafarnuwa. Doguwa ce, busasshiya, goshinta irin na Nikula sak. Ba ta ɗago ba.

"Tsaya nan. Kada ki tsallako min dakali da shi."

"Sannu da gida, Goggo."

"Na ji ƙararrawarku. Sauran ma na ji. Umm Fahad ta riga ki saukowa, ga sukari a haɓarta, tana kuka tana taunawa." Ta ɗago yanzu. "Ke 'yar Nikula, wa ya ba ki 'ya'yana?"

Nabiha ta ƙara rungume kwanon.

"Tambayarki nake. Wa ya ba ki su, da za ki ɗauka ki kai wa Basil ya jera su da ubanki? A rai bai bar su sun shiga ɗaki ɗaya da shi ba, yau kin zuba su a wuta ɗaya?"

"Goggo, wallahi alheri na nufa. Na ga ba a taɓa yi musu ba…"

"Ba a yi musu ba don ba sa bukata! Me Warde ta yi da za a wanke ta da wuta? Yarinyar da ko haƙoranta ba su gama fitowa ba? Kin tara gari kin shaida musu cewa tun shekarar fara 'ya'yana suna can suna ƙuna, suna jiran rumman ɗinki."

"Ba haka Abuna ya ce ba. Ya ce addu'a ba ta ɓata wa kowa. In suna aljanna sai ta koma ga wani mai bukata."

"Ai dole ya ce haka. In wutar nan ta mutu, wa zai ƙara kai masa kaza?"

"Goggo, ki ji tsoron Allah, bai karɓi komai ba."

"To ya yi asara biyu."

Hanne ta ci gaba da ƙulla tafarnuwar. Nabiha tana tsaye da kwano a ƙirji, rana tana dukan kanta. Ba ta iya gardama ba tun tana yarinya, in an ɗaga mata murya sai harshenta ya ɗaure. Amma ta tuna gobe ma akwai tsakar rana.

"Cokali ɗaya, Goggo. Ki ce Allah ya ji ƙansa. Shi ke nan abin da na zo roƙo, ba zan ƙara damunki ba."

"Ki saurara, 'yar nan, don ba wanda zai gaya miki wannan a can sama. Mutum yana da daga haihuwarsa zuwa numfashinsa na ƙarshe. Da ya fita, an gama. Almasihu ya biya duka a kan gicciye, bai bar ragowa don Basil ya ƙarasa da hayaƙi ba. In ubanki ya kama Shi kafin ransa ya fita, yana cikin salama yanzu haka, ba ruwansa da alkamarki. In bai kama ba, ki dafa dutsen Sannin ki barbaɗa masa sukari. Babu tsakiya."

"In babu tsakiya, wa yake taɓa min ƙofa?"

Hannun Hanne ya tsaya.

"Kullum da tsakar rana," in ji Nabiha. "Daga ƙasa-ƙasa. Yana cewa yunwa yake ji."

Hanne ta dube ta. Kurciya tana kuka a kan rufin ɗakin sujada. Da ta yi magana, faɗan ya fita daga muryarta.

"Nikula bai taɓa cewa yana jin yunwa ba. Ko muna yara. Girman kai ba ya barinsa."

"Muryarsa ce."

"Kina cikin ɗakin ranar da na zo ƙofar ina roƙo, ko ba haka ba? Na ji kukanki ta cikin katako."

"Muryarsa ce, Goggo. Na san muryar ubana."

Hanne ta ture tafarnuwar daga cinyarta, ta matsa gefe a kan dakalin. Ba ta ce zauna ba, amma Nabiha ta zauna a can ƙarshe, kwanon a gwiwarta.

"Yaya ya kira su?"

"Na'am?"

"Basil. Yaya ya faɗi sunayen?"

"Ya ce, da bayin Allah Tufik, da Warde, da Sim'an."

"Da ƙarfi?"

"Har na waje sun ji. Mata suka yi ta kuka."

Hanne ta rufe ido. Leɓunanta suka bi sunayen ba tare da sauti ba.

"Rabon da in ji su a bakin wani…" Ba ta ƙarasa ba. Ta buɗe ido ta dubi gangaren da ya nufi teku. "Kin ƙirga ba daidai ba. Huɗu ne."

"Huɗu?"

"Da ciki na zo ƙofarku. Ba ya nunawa, wa yake da cikin da zai nuna a shekarar nan? Na haife shi a wani kango a hanyar Bairut. Namiji. Ya yi numfashi daga safe zuwa la'asar. Ba limami, ba ruwa, ni kaina ban san inda kaina yake ba. Bai sami baftisma ba, bai sami suna ba." Ta juyo. "Je ki ce wa Basil ya kira wannan. Me zai kira? Da na farfaɗo na tambayi wata tsohuwa 'yar cocinku, mai tsoron Allah, kullum carbi a hannu. Ta shafa kaina ta ce in yi haƙuri, ukun za a iya fito da su da addu'a, amma shi ƙaramin ba zai ga fuskar Allah ba. Ba wuta, ba aljanna, wani wuri dai can, shi kaɗai."

Nabiha ta rufe bakinta da hannu.

"Na so in bi su a ranar. Matar da take raba miyar ce ta kama ni, ta buɗe Littafi ta karanta min. Ta ce duka huɗun suna wurin Yesu tun ranar da suka tafi, sun ƙoshi, ba abin da ya rage a yi musu. A kan wannan maganar na tashi na tsaya da ƙafata. A kanta nake tashi kowace safiya har yau. Yanzu ke kin zo da cokali. In na ce Allah ya ji ƙansa, na yarda ke nan matattu suna jira. In suna jira, nawa ma suna jira, kuma ni uwarsu na bar su duk shekarun nan ban aika musu ko ɗigon ruwa ba. Ƙaramin kuwa ba shi da inda za a aika masa. Kin ga abin da kike roƙo?"

Nabiha ta gani. Ta dubi farin ƙyallen da ke kan kwanon. In Goggo ce da gaskiya, ba abin da ya rage da za ta yi wa ubanta har abada. In ita ce da gaskiya, ta zo ne ta ƙwace wa tsohuwa abin da ta dogara da shi. Ta nemi wata hanya a tsakani ta rasa.

"Goggo," ta ce da ƙyar, "ke a ina kike so ya kasance?"

Hanne ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Fastonmu ma ya tambaye ni. Na ce masa ban gama ba tukuna. Kowace safiya ina roƙon Ubangiji ya cire min abin nan, kowace safiya ina tarar da shi inda na bar shi. Na ɗauka da sauran lokaci. Na ce wata rana zai gangaro, ko ni in hau, mu tsaya mu dubi juna, in zage shi tas, sannan mu ga abin da ya rage. Sai jakin ya je ya rungumi dutse." Ta goge hanci da bayan hannu. "Shi ya goya ni, kin sani? Har makarantar coci yake kai ni a wuya in dusar ƙanƙara ta yi yawa. Ke kina da inda za ki aika saƙo, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Ni a wurina an rufe. Ko na yafe yau, ba mai kai masa."

"To ki faɗa, ko da…"

"A'a."

Ta faɗe shi a hankali, ba fushi, kuma Nabiha ta san ba za a ƙara taɓa maganar ba.

"Ke zan yi wa addu'a," in ji Hanne. "Ke kina da rai. Allah ya ba ki barci, ya raba ki da tsakar ranar nan. Wannan zan iya."

Nabiha ta ce amin a ciki. Ta miƙe, ta gyara ƙyallen kwanon ta juya za ta hau tudu.

"Ina za ki da shi?"

"Kin ce kada in tsallako…"

"Na ce. Ajiye shi nan." Hanne ta miƙa dogon hannunta. "Alkama ba ta zuwa ƙofata ta koma. Wannan rantsuwa ce tsakanina da Allah, ba ta shafi ubanki ba. Abinci ne zan ci, kin ji ko? Kada ki hau sama ki ce wa Umm Fahad Hanne ta karɓi ta matattu."

"Ba zan ce ba."

Hanne ta ɗaga ƙyallen ta dubi alkamar, da zabibin, da jan rumman a cikin farin sukari.

"Daga gonarsa ce?"

"Daga gonarsa."

"Ta dai iso," in ji ta.

Ta shiga ɗaki da kwanon ta tura ƙofa. Nabiha ta yi taku kaɗan ta tsaya. Ta dawo a hankali ta tsaya jikin bango, inda ba za a gan ta daga taga ba. Ta san ba kyau, amma ta kasa tafiya. Mutum yakan faɗi abu in ya ɗauka ba mai jinsa. Bakin da ya saba cewa Allah ya ji ƙansa tun yarinta yakan riga mai shi.

Ta ji an ja kujera. Ta ji Goggo ta yi gajeriyar godiyar abinci irin tasu. Sai ƙarar cokali a jikin tangaran, a hankali, da dogon shiru tsakanin kowane ɗiba. Nabiha ta riƙe numfashi a kowane shirun. Rana tana tsaka, ba kowa a hanya, inuwarta ta taru a ƙarƙashin ƙafarta. Ta ji cokalin yana kankare gindin kwano, ta ji an ajiye shi.

Ta ƙara jira. Ba abin da ya biyo baya.